Shaidar Rufa'i a Kan Kansa

Baffa Magaji bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga, da Zinatu ta san abin yi, domin shekara shida ke nan tana aikin jinya a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na wani asibiti a Jega, kuma masu ihu ba su taɓa ba ta wahala ba. Masu magana a hankali su ne aiki.

Ya taso daga Maiyama da hantsin Litinin, ya zauna a tsakar gidan ƙanensa marigayi, mahaifin Zinatu, ya shanye kunun da Inna ta kawo masa. Sannan ya ce jibi Laraba zai aika ƙauyen Danwarai a shaida wa dangin Rufa'i, saurayin Zinatu, kada su wahalar da kansu zuwa sa rana ranar Juma'a. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin an yi ruwa a gabas.

Zinatu ta tambayi dalili. Shekarunta ashirin da tara, ta wuce a yanke mata magana ba bayani, kuma Baffa ya san haka.

Ya ce bincike ya yi, irin wanda kowane waliyyi ke yi. Ya tambayi limamin Danwarai, liman ya yabi yaron. Ya tambayi maƙwabta, suka ce tun yana makaranta shi ke nuna musu yadda ake yafa iri. Ya tambayi dillalan kasuwar albasa ta Aliero, waɗanda ba sa yabon ko iyayensu, suka ce ba su san shi da wani aibu ba. Wani waliyyin da nan zai tsaya. Amma Baffa Magaji ya yi shekara arba'in yana loda albasa zuwa kudu, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa tsayawa inda kowa ke tsayawa ba. Sai ya sa tsohuwar riga ya tafi wurin yaron da kansa, a matsayin mai saye.

"Na iske shi zaune ga kututture. Nac ce albasa nika so. Yac ce ba shi da ita, rudu uku na ajiyarta duk sun ruɓe. Yac ce kada in kuskura in karɓi iri hannunai, shi ya kawo ciwon da ya ƙone gonakin Danwarai bana. Yac ce ko ubanai, sakacinai ya kashe shi."

Inna ta dafe ƙirji, ko da yake ta riga ta ji labarin sau biyu a waya.

"Da nab bayyana mishi ko ni wa ne, sai ya duƙa shina kuka. Yac ce, Baba, in kana ƙaunar ɗiyarka, kada ka ba ni ita." Baffa ya juya ƙoƙon kunun a hannu. "Zinatu, mutum na ƙarya don ya gyara sunanai. Ban taɓa ganin wanda ya yi ƙarya don ya ɓata shi ba."

Zinatu ta gani. Tana ganin irinsu duk ranar Talata da Alhamis, a jere kan benci, riƙe da kati.

Ba ta faɗa ba.

Inna ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce Allah ya so su da rahama da abin ya fito tun yanzu. Ta kuma ambata, kamar abin ya faɗo mata ne kawai, cewa Jabir mai shagunan wayoyi ya sake aiko da gaisuwa. Baffa ya ce shi bai zo tallar Jabir ba. Ta so Jabir ko ta ƙi, ruwanta. Abin da ya sani shi ne ba zai zauna gaban jama'a ya miƙa ɗiyar ƙanensa ga mutumin da ya ba da shaida a kan kansa ba.

*

Ta je aikin rana idonta a kumbure. Sista Salomi, 'yar Zuru ce da ta girme ta da shekara goma sha biyar a aiki, ta dube ta sau ɗaya ta tura ta ɗakin magunguna, ta biyo ta, ta rufe ƙofa.

Zinatu ta zayyana mata komai. Mahaifin Rufa'i ya rasu ne a lokacin cirar albasa, ciwon zuciya, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Bayan sadakar arba'in sai kiran waya ya ragu. Sai Rufa'i ya daina zuwa Jega. Sai ƙanwarsa ta ce ba ya cin abinci sai an tsaya a kansa, kuma tun kafin asuba yake farkawa ya zauna. Sau uku Zinatu ta roƙe shi ya zo a duba shi, sau uku ya ce gadon asibiti na marasa lafiya ne, shi lafiyarsa ƙalau, halinsa ne ya lalace.

Salomi ta tambaya ko yana cewa shi sarki ne, ko rediyo na aiko masa da saƙo, ko wasu na bin sa da na'ura. Zinatu ta ce a'a. Laifi kawai, da ruɓa, da cewa bai cancanci kowa ba.

"To ai kin san karatun. Abin da yake faɗa ya yi daidai da halin da zuciyarsa ke ciki. Baƙin ciki ne ya yi nauyi har ya fara ƙirƙiro dalilansa. Wannan ya fi sauƙin magani a kan wanda tunaninsa ke gabas zuciyarsa na yamma. In ya sha magani, damuwar ta ɗaga, laifin zai bi ta."

Zinatu ta ce ta gode da albishir. Ta ce za ta je ta gaya wa Baffa ya kwantar da hankalinsa, ciwon da saurayinta ya samu irin mai kyau ne.

Salomi ba ta yi dariya ba. Ta ce to me ya hana ta gaya masa.

Nan ne Zinatu ta zauna a kan kwalin ruwan allura ta yi kukan da ta hana kanta a gida.

"Anti, in na yi shiru, macuci ne. In na yi magana, mahaukaci ne. Macuci yana iya tuba, liman ya sa baki, a yafe mishi. Amma ran da anka ce an gan shi bisa bencinmu, an gama. Har jikokinai za a riƙa cewa akwai abin ga jininsu. Ni na san abin da mutane ka hwaɗi in sun fita ƙofar nan. Ni ma da nika aiki nan, cewa suke na kusa kamuwa."

Salomi ta miƙa mata auduga, domin ita ce a kusa. Ta ce duk wannan gaskiya ne. Ta kuma ce mutumin da ya yarda shi ne ya kashe ubansa ba a barin sa zaune a gona shi kaɗai, kuma Zinatu ta fi kowa sanin dalili. Ta ce aure dai ana iya fasawa a sake ɗaurawa, rai kuwa ba a maido shi.

*

Jabir ya zo bayan la'asar, cikin farar mota da ƙamshin turaren da ya riga shi shiga zaure. Ba mugun mutum ba ne. Matsalarsa ɗaya, bai taɓa yin baƙin cikin da ya kwana ba, saboda haka duk abin da ya tuna a duniya mai daɗi ne. Ya tuna ranar da ya fara ganinta a bikin wata 'yar uwa, ya ce ta yi masa murmushi. Ita ta tuna ranar sarai, haƙori ke mata ciwo.

Ya ce ya ji abin da ya faru, kuma wallahi ya tausaya. Ya ce shi ma yakan shiga damuwa wani lokaci, amma sai ya sha shayi mai kauri ya kalli ƙwallo, shi ke nan. Ya ce in ta amince, manyansa za su zo gaisuwa gobe ko jibi, gaisuwa kawai, ba wani abu ba.

Ta ce ba ta amince ba. Ya yi dariya, ya ce yana son mace mai raha.

Da ya tafi ta koma ɗaki ta kwanta da kayan aikinta. Ta so ta tuna Rufa'i don ta samu ƙarfin gwiwa, amma abin da ya zo mata daban ne. Ranar da ya bar ta tsaye a tashar Aliero awa guda. Ranar da ya manta ta ce masa Inna ba ta da lafiya. Yadda yake yin shiru in ta yi maganar ƙaro karatu. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, a shirye, kamar dama suna bakin ƙofa suna jiran a kira su. Kafin a kira magariba ta kusa gamsuwa cewa shekara biyun nan da suka yi tare wahala kawai ta sha.

Sai ta ji kunyar takardar shaidarta ta jinya.

Ta ɗauki waya ta koma can baya cikin saƙonninsu. Ranar tashar Aliero, ga hoton tayar babur ɗinsa a fashe, ga saƙon ban haƙuri guda tara. Maganar ƙaro karatu, ga shi shi ne ya turo mata sanarwar makarantar da ke Sakkwato, har da ranar rufe karɓar takardu. Ciwon Inna kam ya manta da gaske. Ɗaya cikin uku.

Abin da take koya wa dangin marasa lafiya ke nan kullum da bakinta, cewa ƙwaƙwalwa ba alƙali ba ce, 'yar aike ce, abin da zuciya ke so shi take ɗebowa. Kwana ɗaya na ɓacin rai ya sa ta kusa korar mutum. Shi kuwa wata huɗu yake ciki.

Ta fita ta iske Baffa yana alwala, domin a gidan zai kwana. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baffa, albasar da yac ce ta ruɓe, ka sa hannu?"

Ya tsaya da buta a hannu. Ya ce mai ita ya ce ta ruɓe.

"Na ji. Ina tambaya ne ko ka sa hannu."

A Maiyama har yau ana ba da labarin yadda Magaji ya sa aka zazzage mota guda a bakin hanya saboda bai yarda da rantsuwar dillali ba. Ya wanke ƙafar dama, ya wanke ta hagu, ya daɗe a kanta fiye da yadda take buƙata. Sannan ya ce ta nemi izini wurin aiki, gobe da safe za su je, don kada ta ce an zalunce ta.

*

An yi ruwa da asuba, hanyar Danwarai ta yi laushi. Tsohuwar motar Baffa ta bi ta tsakanin gero da ya kai kafaɗa.

Rudun suna bayan gida, guda uku, dakalin kara da aka ɗaga bisa sanduna don iska ta ratsa ta ƙasa, an jibga albasa a kai, an lulluɓe da ciyawa. Rufa'i yana kan kututturen da Baffa ya bar shi. Rigarsa ta yi masa yawa. Da ya ga Zinatu bai yi murna ba, ya dai miƙe ya matsa baya, ya ce kada ta ƙaraso, warin zai kama mata tufafi.

Ta shaƙi iska. Ƙasa jiƙaƙƙiya, da hayaƙin girki, da albasa.

Ya gaida Baffa a durƙushe. Baffa ya amsa a gajarce, ya cire babbar riga ya miƙa wa Zinatu, ya naɗe hannun 'yar ciki. Ya fara duƙawa ya leƙa ƙarƙashin rudun farko, inda ruwan ruɓa ke ɗiga in akwai shi. Ƙasar a bushe take. Ya duba ko akwai ƙananan ƙudajen nan masu taruwa. Ya yaye ciyawa, ya cusa hannu har kafaɗa, ya tsaya shiru kansa a karkace kamar mai sauraro. Albasa in ta fara lalacewa daga tsakiya take ɗaukar zafi, tun kafin hanci ya sani.

Ya zaro guda ɗaya. Ja ce, wuyanta a ƙulle, ɓawonta ya yi ƙara a tafinsa.

Ya yi haka a rudu na biyu, ta gefe uku. Ya yi a na uku. Gumi ya jiƙa masa hula.

"Yaro, sanyi ƙalau."

Rufa'i ya girgiza kai. Ya ce Baba bai kai inda abin yake ba. Ya taso, ya zagaya rudun tsakiya, ya sa hannu ba tare da lalube ba, ya fiddo wata da ta yi baƙi a gindi, tana nason ruwa. Ya riƙe ta da hannu biyu ya nuna musu.

Baffa ya dubi albasar, ya dubi rudu uku. Ya ce a watan Agusta, wanda ya samu ɗaya irin wannan a kwando sai ya yi sadaka don godiya. Ya tambaye shi yadda aka yi ya same ta nan take cikin dubbai.

"Kullum ita nika gani, Baba."

Zinatu ta matso duk da ya hana. Ta ce ciwon ganyen da yake cewa shi ya kawo, ya ci gonaki har Kashin Zama da Alelu, wuraren da bai taɓa kai iri ba. Ta ce takardar asibitin mahaifinsa ita ta karanta masa da bakinta, ko a ƙofar likita abin ya same shi ba a yi komai ba. Ta san ba a gardama da irin wannan tunani, tana hana ɗalibai yi. Ta yi duk da haka, tana kuka.

"Zinatu, ke mai kirki ta, shi ya sa ba ki gani. Na zauna na duba rayuwata tun daga hwarko, ban iske rana guda da na yi daidai ba. Ko ke, mi na taɓa yi miki in ba ɓata miki lokaci ba?"

"Ka kai ni Sakkwato bisa babur cikin rana don in kai takarduna."

"Na tuna. Mun makara."

"Ba mu makara ba. An karɓa."

Ya nemi wannan a kansa, bai same shi ba. Ya ce ta yi haƙuri, ta auri wanda zai iya dariya.

Baffa ya goge hannunsa da ciyawa. Ya kira ta gefe, wajen motar, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Albasa lahiya lau take. Ke nan abin da yag gaya min ba gaskiya ba ne. Kuma ba ƙarya yaka yi ba, na san idon maƙaryaci. To mi na wanga?"

Laraba gobe ce. Ta duba ta ga babu wata amsa da za ta bar mata Juma'arta yadda take.

"Ciwo na, Baffa."

"Hauka?"

"Ciwon damuwa. In ya yi tsanani, mutum ba ya tuna komi sai abin da ya yi kama da baƙin cikinai, har ya ƙara da wanda bai hwaru ba. Ana magani. Sashenmu aka kai su."

"Sashenku."

"Sashenmu."

Ya tambaya tun yaushe ta sani. Ta ce wata uku. Ya ce ke nan ta gwammace a kira shi macuci. Ta ce ta gwammace kada a kira shi komai, amma ba a ba ta wannan zaɓin ba.

Baffa ya daɗe yana kallon gero. Sannan ya karɓi rigarsa ya saka, ya koma wurin Rufa'i, ya ce masa ya tashi za a je asibiti. Rufa'i ya ba shi amsar da ya ba Zinatu sau uku, cewa magani na masu ciwo ne, shi mai laifi ne.

"Na ji. Kac ce kai mai laihi na."

"Ni na, Baba."

"To mai laihi ba shi ka zaɓen inda za a kai shi ba. Shiga mota."

Babu littafin da Zinatu ta karanta da ya yarda da wannan. 

Rufa'i ya shiga gida ya sallami mahaifiyarsa, ya fito, ya zauna a kujerar baya can jikin ƙofa don kada ya taɓa kowa. Ruɓaɓɓiyar albasar tana hannunsa. Baffa ya gani ta madubi bai ce a jefar ba. Mai kyan da ya zaro da farko ya ajiye wa Zinatu a cinya, ba bayani.

Sun wuce Aliero kafin ta iya tambayar maganar aiken gobe. Baffa ya ce ita dai ta cika tambaya. Ya ce ba a sa rana da mutumin da ba ya jin sanyin rudunsa, wannan kam ta cire rai da Juma'a. Ran da yaron ya sa hannu da kansa ya ce lafiya take, a zo a yi magana. Ta ce abin yana iya ɗaukar watanni. Ya ce albasa ma wata shida take yi a rudu.

Wayarta ta yi ƙara suna shiga Jega. Inna ce, muryarta a sama. Manyan Jabir sun zo, mutum huɗu, suna zaure, har da goro, kuma sun ce Baffa suke jira.

Baffa ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ɗayan hannun a kan sitiyari. Ƙofar asibitin tana gabansu, ga masu shayi, ga 'yan acaɓa, ga duk wanda zai kai labari unguwa kafin azahar.

"A ba su ruwa su sha. Ki ce musu Magaji na asibiti da surukinai." Ya yi tari. "Da wani yaro, nika nuhi."

Ya kashe wayar ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba, ya karya kan motar ya shiga ta babbar ƙofa, ya tambaye ta wane ɓangare ne sashen nasu.